Daga Murfin Lagireto Zuwa Fanka: Yadda Na Raba Motata da Zafi

Wari ne ya fara sanar da ni, tun allura ba ta motsa ba. Wani wari mai zaƙi-zaƙi da ɗan ƙauri ya shigo ta taga, daidai lokacin da muke tsakiyar wani dogon hawa mai yashi. Motar na ƙaramar giya, ƙafa huɗu na ja, injin na ta gurnani, amma tafiyar ba ta fi ta mutum mai sassarfa ba. Na duba geji, allurar zafi na zaune daram a tsakiya, inda na saba ganinta tun ranar da motar ta zo hannuna. Ƙanena da ke gefena ya ce, "Yaya, kamar hayaƙi nake gani ta gefen bonet." Ba hayaƙi ba ne, tururi ne. Kafin in kai inda zan iya tsayawa, allurar ta yi wuf ta haye jan layi, kamar wadda aka tasa daga barci.

Na kashe injin, muka ɗaga bonet da tsumma muka ja da baya. Ƙanena ya kai hannu zai murɗe murfin lagireto, na buge hannun. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, sauran matsin da ya rage ne kawai ya hana shi tafasa gaba ɗaya. Kana cire murfin zai taso lokaci guda ya wanke maka fuska. Muka zauna a inuwar motar kusan awa guda, muna jin ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.

Da ta huce na bi sawun jiƙar har can bayan injin, jikin bangon da ya raba shi da cikin mota. Wata 'yar mahaɗa ce ta filastik, ba ta fi tsawon yatsa ba, wadda ta haɗa tiyo biyu masu kai ruwan zafi ga hita. Ina taɓa ta ta rabe biyu, bakin ya marmashe a hannuna kamar busasshen ɓawon itace. Asalinta baƙa ce, amma cikinta ya koma ruwan ƙasa. A akwatin kayan aiki na samo doguwar soket, tunda cikinta rami ne, na cusa ta tsakanin tiyo biyun na ɗaure da kilif, muka juye ruwan shanmu a lagireto. Haka muka lallaɓo gida, murfin a sassauce don kada matsi ya taru, ina tsayawa duk bayan 'yan kilomitoci ina leƙawa.

Motar ba yarinya ba ce. Shekararta 16, ta ci sama da kilomita 240,000, injin fetur mai silinda 6, giya mai canza kanta, fankarta kuma fambel ne ke juya ta, ba lantarki ba. Ni ne mutum na uku da ya riƙe ta.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka ciwon ɗaya ne. Na sayi sabuwar mahaɗa na saka, na ga robar murfin lagireto ta tsattsage na canza shi ma, na ƙara ruwa, na ce an gama. Sati biyu tsakani, a kan kwalta sumul, ba hawa ba yashi, kan lagireton ya tsage tun daga wuyan tiyon sama, tsaga mai tsawon tafin hannu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

A nan ne na kai ta wurin wani dattijon bakanike da na daɗe ina jin labarin hannunsa. Na zayyana masa komai, ina ta ɗora laifi a kan ƙaddara. Ya ce in miƙo masa tsohon murfin, wanda ya ci sa'a ban yar ba. Ya ɗaura shi a kan wani ɗan famfon gwaji mai agogo, ya buga. An rubuta 1.1 a kan murfin, wato ya kamata ya riƙe matsin ba 1.1 (ba, ko bar, shi ne awon matsi) kafin ya saki, amma allurar agogon ba ta kai rabin ba ɗaya ba ya fara huci.

"Ka gani, ɗana?" in ji shi. "Shekara da shekaru wannan murfin na yi wa tsofaffin kayanka rangwame. Ka kawo sabo mai jini a jika, ya matse su yadda ya kamata, wanda ya fi rauni ya faɗi. Da lagireton, da tiyo, da mahaɗar nan, ai rana ɗaya aka haife su. Ka binne ɗaya ka ce sauran lafiya lau?"

Na ce, "To Baba, da na bar tsohon murfin ke nan?"

Ya ce a'a, kuma ya yi mini lissafin. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100 a bakin teku, in ka hau tudu ma tun bai kai nan ba. Matsi ne ke ɗaga wannan iyakar. Da rabin ba, zai kai wajen 111. Da ba 1.1 sai ya kusa 122. Murfi mai rauni yana ɗaga wa tiyo ƙafa, amma yana barin ruwa ya tafasa da wuri a kewayen kan silinda, inda zafi ya fi tsanani, kuma tururi ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa. Daga baya na auna abin a raina: ba 1.1 na nufin nauyin kilo ɗaya da 'yan kai a kan kowane wuri mai faɗin farce, a ko'ina cikin hanyar ruwan, duk lokacin da injin ya yi zafi. Kan lagireton kuwa nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi, aka danne shi a kan saƙar alminiyon da 'yan haƙora, da zoben roba a tsakani. Yau zafi gobe sanyi, shekara 16, dole ya gaji.

Mun yi yarjejeniya: ni zan yi aikin da hannuna a harabar garejinsa, shi zai riƙa leƙowa. Amma ya kafa sharaɗi, ba za a sayi ko kilif ɗaya ba sai an tabbatar gaskit ɗin kan silinda bai ƙone ba, don injin da ya hau ja sau biyu abin tuhuma ne, musamman mai kan alminiyon da ke saurin lanƙwasa. Muka liƙe tsagar na wucin gadi, muka duba ƙasan murfin baƙin mai ko akwai farin kumfa mai kama da madara, babu. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Sannan ya ɗauko wata kwalba mai shuɗin ruwa ya ɗora a bakin lagireto, injin na aiki, yana zuƙo iskar da ke saman ruwan ta cikinta. In hayaƙin konewa na kutsawa cikin ruwa, shuɗin zai koma ruwan ɗorawa. Minti biyun nan sun fi mini awa tsawo. Ya tsaya shuɗi. Don ya nuna mini ruwan gwajin bai mutu ba, ya kai kwalbar bakin salansa, nan take ta rikiɗe.

Abu na biyu da na yi kafin in kwance komai shi ne na daina yarda da allura. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD-II. Na sami 'yar na'urar da ake cusawa a wurin, tana turo wa waya ainihin lambar da kwamfutar motar ke gani. Da lagireton a liƙe na yi ɗan zagaye da sassafe. A kan buɗaɗɗen titi zafin bai wuce 71 ba. Na tsaya na bar ta tana aiki da iyakwandishan a kunne, sai ga shi yana hawa, 95, 99, 103. Duk wannan allurar ba ta gusa daga tsakiya ba. Ba lalacewa ta yi ba. A motoci da yawa haka ake tsara ta, don kada direba ya riƙa firgita da kowane ɗan hawa da sauka. Ga mai yawo a gari wannan ba laifi. Ga wanda ke nutsa taya a yashi kuwa, kafin allura ta yi magana aikin gama ya gama.

Lambar 71 ɗin ta fi 103 damun dattijon. Ya ce injin lafiyayye ba ya zama da sanyi haka. Bai ƙara komai ba, ya ce in kwance mu gani.

Na cire kan batir, na tara faffaɗan kwano na zuƙe ruwan. Abin da ya fito kamar ruwan kududdufi, ja-ja da tsatsa. Na juye shi a jarka na rufe, don sinadarin da ke ciki, etilin gilaikol, guba ne mai zaƙi. Kare ko mage ko yaro ya lasa, ƙoda yake kamawa. Na kwance fanka, na zare rigarta, wato filastik ɗin nan da ya kewaye ta. Na cire ƙananan bututu biyu na man giya da ke shiga ƙasan lagireton na toshe bakinsu. Sannan na ɗago lagireton, na ji ya fi yadda nake zato nauyi.

Abin da na gani a fuskarsa ya sa na tsaya riƙe da shi kamar wawa. Tsakaninsa da kwandensar iyakwandishan da ke gabansa akwai rata da ba ta fi yatsa biyu ba, kuma ba a ganin cikinta ta gaba ko ta baya. A cikin ratar nan an gina bango. Busasshen laka, 'ya'yan ciyawa, fukafukan ƙwari, har da gashin tsuntsu, duk sun haɗu sun daskare, sun rufe kusan rabin saƙar daga ƙasa. Na ɗaga lagireton saitin rana: ta sama haske na ratsowa, ta ƙasa duhu ƙirin. Ni da nake wanke motar nan duk dawowa daga jeji, har ina fesa ruwa ta gaba ina jin na yi abin kirki, ashe tura lakar nake yi ta cikin kwandensa tana zuwa tana taruwa a inda ba na gani. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da injin ke ƙonawa ta hanyar ruwan nan yake fita a matsayin zafi, kuma ba shi da wata ƙofa sai iskar da ke ratsa wannan saƙar. Na toshe rabin ƙofar da hannuna, sannan ina mamaki.

Kwandensar ban kwance ta ba, don kada gas ya zube. Na wanke ta daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don mai ƙarfi kwantar da siraran ganyayyakin yake yi. Ruwan laka ya yi ta zuba har na gaji da tsayuwa.

Sai gidan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, wanda ke zaune inda tiyon ƙasa ke shiga injin. Kusoshi uku ne. Biyu suka fito lafiya, na ukun ya yi gardama, na ƙara masa ƙarfi, na ji ya yi laushi a hannuna, irin laushin da duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san ma'anarsa. Ya karye, guntun ya rage a ciki da ɗan kai a waje. Ƙarfe ne a cikin alminiyon, ruwa ya ratsa su shekaru, sun zama abu guda. Dattijon ya zo ya duba, bai ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ɗora noti a kan guntun ya yi masa walda ta ciki, ya bari ya ɗan huce, ya riƙa motsa shi gaba da baya a hankali har ya biyo. Zafin waldar ne ya karya tsatsar. Rabin yini ya tafi a kan kusa ɗaya.

Da murfin ya buɗe, gidan wayam. Babu tamostat. Wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin ni ya cire ya yar.

Na san wannan dabarar, har na taɓa jin ana yabonta: wai tamostat na ƙasashen sanyi ne, in ka cire ruwa zai gudu babu shamaki, injin ya yi sanyi. Wani matashi da ke aiki a garejin ma ya ce, "Oga, ai gara haka, kada ka mayar." Dattijon ya ɗauko sabon ya juya shi ya nuna mana gindinsa. Ban da bakin da ke buɗe wa lagireto hanya, akwai wani faifai na biyu a ƙasa. Lokacin da injin ke da sanyi, ruwa na zagayawa ta wata gajeriyar hanya a cikin injin kawai, ba ya zuwa lagireto, don ya yi saurin ɗumi. In tamostat ya buɗe, wannan faifan ne ke sauka ya toshe gajeriyar hanyar, ya tilasta wa ruwan duka bi ta lagireto. Ka cire tamostat a irin wannan injin, hanyoyi biyun na buɗe har abada. A kan titi, iska na da yawa, injin ya yi sanyi fiye da kima, ya sha mai, ya ci zobban fistin. A cikin yashi kuma, lokacin da ake neman kowane ɗigo ya je ya huce, wani kaso na ruwan zafin na yanke hanya yana komawa ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga 71 ɗina ga 103 ɗina, duk a rami ɗaya.

Sabon ma ban yarda da shi haka nan ba. Na rataye shi da waya a cikin gwangwanin ruwa a kan wuta, da ma'aunin zafi a ciki. An buga 82 a jikinsa. Kakin da ke cikin cibiyarsa ne ke narkewa ya kumbura ya tura sandar. Wajen 82 bakin ya fara rabuwa kamar ƙiftawar ido, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe gaba ɗaya, da na tsamo shi ya rufe kansa. Wurin sakawa akwai wani ɗan rami mai 'yar ƙwallo a gefen faifan. Wannan sama yake kallo, ta nan iskar da ta maƙale ke samun hanyar fita.

Famfon ruwa bai ɓata mini lokaci ba. A ƙasansa akwai ɗan ramin da aka yi don ya tona asirin sil in ya fara yoyo, kuma ga farin sawu nan ya bushe a bakinsa. Na girgiza fulin, boris na ɗan wasa. Da na ciro shi, farfelar ƙarfen ta cinye, fukafukan sun zama kamar tsohuwar wuƙa. Aikin ruwa zalla ne da aka yi ta ɗurawa babu maganin tsatsa. Na kankare tsohon gaskit da abin kankara na filastik don kada in ji wa alminiyon ciwo, na ɗaure sababbin kusoshin da sifana mai awo, daidai ƙarfin da littafin motar ya ce. Bayan abin da ya faru da kusa ta uku, hannuna ya yi ladabi.

Inda na daɗe ina jayayya da kaina shi ne zaɓen lagireto. Zuciyata ta karkata ga na alminiyon zalla, mai kauri, mai sheƙi, wanda babu filastik a jikinsa ko kaɗan, tunda filastik ne ya kunyata ni sau biyu. Amma da na natsu sai na ga wanda ya fashe ɗin shekara 16 ya yi yana aiki, a cikin ruwan tsatsa, da rabin fuska a toshe. Wannan ba ragon kaya ba ne, tsufa ne ya cim masa. Na alminiyon zalla kuwa kyansa na ga hannun mai waldarsa, kuma motar jeji murɗewa take yi in taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami. Abin da ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi a bakin walda. Kauri ma ba kullum yake zama riba ba, don saƙa mai kauri ta fi wuyar ratsawa ga iska, kuma matsalata a tafiyar hawainiya take, inda iskar ke da ƙaranci. Na ɗauki irin na asali, da niyyar in canza shi da kaina tun bai tsufa ba. Wani zai zaɓi akasin haka kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Mahaɗar hita dai, wadda ta fara jawo duk wannan, na sa ta tagulla.

Akwai wani dalilin da ya sa ban yi wasa da tsohon lagireton ba ko da ana iya liƙe shi. Man giya na ratsawa ta wani bututu a cikin tankinsa na ƙasa. In bututun nan ya ɓule, ruwa da man giya su haɗu, giyar ce za ta tafi, ita kuwa ba ƙaramin aiki ba ce. Na duba man, ja ne garau.

Tiyo duka na canza, manya da ƙanana, har da wasu biyu da ke ɓoye ƙarƙashin bututun shan iska waɗanda sai da na kwanta a kan injin na kai gare su. Na yanka tsohon tiyon sama don in ga cikinsa: waje lafiya, ciki duk tsaga, zaren ya fito. Na ƙasa kuma ya yi laushi har ana iya matse shi da yatsa biyu, irin wanda famfo ke iya tsotsewa ya manne in injin ya ɗau wuta. Kilif kuwa na koma ga na asali masu sifirin, waɗanda ake buɗewa da filaya. Da can raina su nake yi, ina ganin mai sukuru ya fi ƙarfi. Amma roba na lotsawa da zafi, mai sifirin na bin ta yana ƙara matsewa, mai sukuru kuwa inda ka bar shi nan yake tsayawa, in ka ƙara masa hannu kuma ya murƙushe wuyan filastik.

Na wanke cikin injin da hita har sau huɗu kafin ruwan ya fito fari. Sannan na haɗa kulan, wato ruwan maganin da ake zuba wa lagireto, rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi kulan ɗaukar zafi, shi ya sa ba a zuba kulan tsantsa. Amma haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai 37 ƙasa da sifili, yana ƙara wa iyakar tafasa wajen digiri 7, kuma abin da ya fi muhimmanci gare ni, yana hana irin cin da na gani a farfela. Launi ba ya nuna irin kulan. Kore da ja da ruwan hoda rini ne kawai. Abin da littafin motar ya ambata na nema a jikin jarkar, ban gauraya da wani ba.

Fitar da iska ya ba ni wahala fiye da yadda na zata. Na ɗaga gaban motar, na kafa mazurari a bakin lagireto, na murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, na tayar da injin ina matsa tiyo, kumfa na fitowa ɓul-ɓul. Da na ga ya lafa na rufe na fita gwaji. Ban yi nisa ba lamba ta fara tsalle, 84, 97, 88, hita kuma na busa sanyi. Iska ce ta maƙale. Na yi gaggawa, ban jira tamostat ya buɗe ba. Na dawo na sake, wannan karon hannuna na kan tiyon ƙasa har sai da na ji ya ɗau zafi, ruwan mazurari ya yi ƙasa da kusan lita guda a zuƙa ɗaya, hita ta fara ƙona yatsa. Washegari da ta kwana ta huce na cika gorar rara, wadda ke karɓar rarar ruwan lagireto, zuwa layi.

A kan titi lamba ta zauna 85 zuwa 87, ko motsi. Na yi murna, na ɗauki ƙanena muka nufi yashi. Minti goma a ƙaramar giya: 94, 98, 101, 104, kuma ba ta da niyyar tsayawa. Na kunna hita don ta janye wani zafin, muka sauko muna gumi, raina a ɓace. Sabon lagireto, sabon famfo, sabon komai.

Dattijon ya saurare ni, ya ce, "Da ta kai 100, ka ji kukan fanka?"

Na ce wane kuka?

Fankar ita ce abu ɗaya da na cire na ajiye gefe na mayar yadda take, don na ga tana juyawa, kuma a ganina abin da ke juyawa lafiyarsa ƙalau. Ashe juyawa iri biyu ce. Tsakanin fuli da fankar akwai kuloci mai man silikon a ciki, a fuskarsa kuma akwai wata 'yar nannaɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe biyu. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, wayar na murɗawa ta buɗe wa man hanya, kulocin ya kama, fanka ta ja iska da ƙarfi har ka ji ta kamar jirgi zai tashi. In man ya tsiyaye, fankar za ta ci gaba da juyawa don ido, amma ba ta jan komai. A kan titi ba za ka taɓa ganewa ba, don gudun mota na turo iska. A yashi, inda injin ke aikin doki tafiya kuma ta kunkuru, fanka ce kaɗai mai kawo iska.

Muka kashe injin yana da zafi, ya sa yatsa ɗaya ya tura fankar. Ta yi zagaye uku da wani abu kafin ta tsaya. Lafiyayya da zafi haka ko zagaye ɗaya bai kamata ta cika ba. Ya shafo fuskar kulocin ya nuna mini yatsansa: baƙar ƙura mai maiƙo, ta taru a kewayen wayar. Na riƙe wannan abin a hannuna kwana uku da suka wuce, na ga maiƙon, na ɗauka dattin injin ne.

Na sa sabon kuloci. Da na duba fankar kanta da kyau sai ga ƙananan tsaga a gindin fukafukai biyu, ita ma ta tafi, don fiffike in ya tsinke sabon lagireton zai fara sara. Rigar fankar ta ɓalle a kusurwa ɗaya, na gyara, na liƙa soso a ratar da ke tsakanin lagireto da kwandensa ta gefe da gefe, don iska ma kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi, in ta sami kafa ta gefe ba za ta wahalar da kanta ratsa saƙa ba. Manyan fitilu biyu da na ɗaura a gaba don ado, daidai bakin shigar iska, na mayar da su sama.

Sati na gaba muka koma hawan da abin ya fara, da rana tsaka, iyakwandishan a kunne da gangan. Wayar na hannun ƙanena yana karanto mini. 88. 91. 93. Muna kusan inda tururi ya tashi a wancan karon ya ce 95, sai wani gurnani ya taso daga gaba, mai kauri, ya danne kukan injin. Ya zabura ya ce, "Yaya, me kuma ya lalace?"

Na ce ya ci gaba da karatu.

"94. 92. 90." Can ya ce 88, gurnanin ya lafa a hankali kamar yadda ya zo. Kafin mu kai ƙoli ya sake tashi sau biyu, lambar ba ta ƙara wuce 95 ba. A sama na tsaya na buɗe bonet, na bi kowace mahaɗa da farar takarda ina dangwalawa, duk a bushe. Na ja layi da alƙalami a jikin gorar rara daidai inda ruwan ya tsaya da safe, na kuma ɗaura ƙaramin ma'auni mai lamba kusa da sitiyari, mai ƙara in zafi ya kai 102. Soket ɗin nan da ta kawo mu gida na wanke ta na mayar cikin akwati, tare da tiyon sama da na ƙasa, da kilif huɗu, da fambel ɗin da na cire.